Zarton da Ba Ya Ihu: Injin Batir da Shingen Fadamar Haɗeja

Idan ruwa ya janye daga fadamar Haɗeja, ba ya barin kowa da hutu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, da laka ta fara tsagewa, ƙafa ta daina nutsewa, za ka ga mutane sun yi sammako kowa yana duba abin da kogi ya bar masa. Wani ya tarar kunyoyinsa sun shafe. Wani ya tarar yashi ya toshe masa rijiyar ban-ruwa. Abin da kusan kowa ke tararwa kuwa shi ne babu shinge. Dirkokin da aka kafa bara, wasu ruwa ya yi gaba da su, wasu gindinsu ya ruɓe, waɗanda suka tsira a kan tudu kuma gara ta ƙwaƙule cikinsu, ka dafa su rugurguje a hannunka. Ga lokacin shuka alkama ya ƙarato, ga dashen tumatir da tattasai da albasa, ga shanu suna gangarowa neman ɗanyar ciyawa da ruwa.

Wanda bai taɓa shinge gona ba yana ɗauka aikin yini guda ne. A yi lissafi. Hekta ɗaya mai kusurwa huɗu daidai, kewayenta mita 400 ne. In za ka kafa dirka kowane mita biyu, dirka 200 kake nema; in ka yi tsimi ka buɗa zuwa mita biyu da rabi, 160. Kowace sai an saro ta, an rage mata rassa, an daidaita tsawonta, an fiƙe gindinta. Bayan nan ga tanka, ga ƙayar da za a jibga a jiki, ko waya mai ƙaya ga wanda aljihunsa ya kai. Da gatari da adda, magidanci da 'ya'yansa biyu sai su shafe mako suna abu ɗaya, tafin hannu duk ya yi kanta. Kuma baɗi ma haka, domin a Auyo, Guri, Kirikasamma da sassan Kafin Hausa, shinge ba ya tsufa: ko ruwa ya ci shi, ko gara, ko matan gida su zare shi su hura wuta idan an kwashe amfani.

A kan wannan aikin ne wani ƙaramin inji ya fara leƙowa. Zarto ne mai sarƙa, irin wanda aka sani ana kayar da bishiya da shi, sai dai ba ya shan fetur. Batir ake ɗana masa, ɗan'uwan na wayar hannu amma babba. Har yanzu baƙo ne a ƙasar Haɗeja; sai ka zaga ƙauyuka da dama ba ka ga ko ɗaya ba. Amma ya cika shagunan intanet, ya shiga kasuwannin kayan aiki na Kano, kuma duk wanda ya ga yadda injin ban-ruwa mai sola ya bazu a fadamun nan cikin 'yan shekaru ya san ba a raina baƙon da ya zo da sauƙi.

Ofareta da injinsa

Kafin a yi maganar sabo, a ba tsoho haƙƙinsa. Injin yankan itace mai fetur ya daɗe a arewa. Mai shi, wanda aka fi kira ofareta, yakan zo a kan babur da injin ɗaure a baya, da jarkar mai, da yaron da zai riƙe masa igiya. Wanda aka fi yabo shi ne babban nan na kamfanin Stihl na Jamus mai lamba 070, da kwaikwayonsa na Sin da suka fi shi yawa a kasuwa. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfen yanka ba. Idan ya tashi, ƙauye uku sai sun sani. Da shi ake kayar da tsohuwar darbejiya da ta yi barazanar faɗa wa gida, da shi ake tsaga gungume a fitar da katako.

Amma kiran ofareta don dirkokin shinge kamar a ɗauko tirela ne a kai buhu ɗaya kasuwa. Ba zai taso daga gari don rassa masu kaurin damtse ba, sai dai in za a ba shi bishiya sukutum ya kayar. Nan ɓarnar take: manomi yana neman dirka ɗari, ya ƙare da kututture a inda inuwa take.

Sai kuma kuɗin mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Injin mai fetur ba tsurar mai yake sha ba, sai an gauraya masa da man inji daidai gwargwado, a irin na Stihl kashi ɗaya cikin hamsin. A kuskure awo, ko a sayi gurɓataccen mai a wajen 'yan bumburutu, inji ya buga. Ga fulogi, ga kafireto da ƙurar hunturu ke toshewa, ga igiyar tayarwa da ke tsinkewa a tsakiyar daji. Tsadar man nan ce ta kori manoman rani da yawa daga injin ban-ruwa mai fetur zuwa gas da sola. Kuma da allon sola ya sauka a bakin gona, an riga an share wa duk wani abu mai batir hanya.

Yini guda a lambu

Na fara riƙe irin wannan inji ne a lambun wani ɗan kawuna, can wajen Auyo, inda yake da mangwaro da gwaiba da layin darbejiya a gefen yamma. Wani abokinsa ne ya kawo masa daga Kano. Matsakaici ne, mai cin batir biyu, ƙarfen yankansa bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Na ɗaga shi da hannu ɗaya ban ji komai ba, bai wuce nauyin galan na ruwa ba.

Muka nufi layin darbejiyar. Shekara uku rabon da a rage mata kai, ta fitar da rassa miƙaƙƙu tsaf kamar an shirya su don dirka. Ya ɗana batir, ya danna wani maɓalli da babban yatsa, ya ja kunama. Ba igiya, ba hayaƙi, ba ruri. Wani siririn kuka ya yi kamar na keken ɗinki mai lantarki, garin itace ya zubo a kan takalminsa, reshe ya kwanta. Da ya saki kunamar, shiru, har ina jin kurciya a kan mangwaro. Wani dattijo maƙwabcinsa da ke gyaran fangali a ɗaya gefen ya ɗago, ya yi mana sannu da aiki, ya zo ya tsuguna yana juya guntun reshen a hannunsa, yana shafa wurin yankan da ya fita sumul kamar an goge. Abin da ya fara tambaya shi ne ko yana cin bagaruwa.

Yana ci, amma da sharaɗi, kuma mun ga sharaɗin kafin azahar. Muddin muna kan ɗanyar darbejiya mai kaurin damtse ko ƙwauri, batir biyun nan sun yi mana yanka gommai ba su nuna gajiya ba. Da muka koma kan wani busasshen gungumen bagaruwa da ruwa ya yar a bakin lambu, sai labari ya sha bamban. Sarƙa ta fara fitar da ƙura mai laushi maimakon ɓarɓashi, alamar ta dakushe. Ɗan kawun nawa ya ƙara danna injin da ƙarfi, injin ya tsaya cak. Ya huta, ya sake tashi, ya sake tsayawa, fitilar batir ta koma ɗigo ɗaya. Dattijon ya yi dariya, ya ce, "To, Malam, a miƙo gatari."

Ba taurin bagaruwar kaɗai ya kayar da mu ba. Itacen da ya kwana cikin ambaliya, ɓawonsa da tsagunansa cike suke da yashi, yashi kuwa shi ne babban maƙiyin sarƙa, ta fetur ce ko ta batir. Taɓa ƙasa na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe kaifin haƙora. Bambancin kawai shi ne mai fetur yana da ƙarfin da zai yi ta turzawa da dakusasshiyar sarƙa, mai batir kuwa cajinsa ne zai tsiyaye. Saboda haka duk wanda zai sayi injin nan a fadama, ya haɗa da siririn magagari mai zagaye daidai girman haƙoran, ya koyi wasa su, ya kuma riƙa kankare ɓawon itacen ambaliya da adda kafin ya ɗora. Goruba da giginya kuma, da ake so saboda gara ba ta cika cin su ba, zaren jikinsu yana cinye kaifi da sauri. Ba abincin ƙaramin inji ba ne.

Abin da ke cikin batir

Lissafin batir ba wuya gare shi ba, kuma saninsa yana hana a cuci mutum. A jikin kowane batir akwai lamba biyu: ƙarfin wuta, wato bolt, da yawan abin da yake ɗauka, wanda ake rubutawa Ah. A ninka su. Batir mai bolt 18 da Ah 5 yana riƙe da wat 90 na awa ɗaya. Biyu su ba ka 180. Litar fetur ɗaya kuwa tana ɗauke da kusan wat 9,000 na awa ɗaya. Ko da yake injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan wannan a zafi da hayaƙi, abin da ya rage masa ya ninka na batir sau da yawa. Shi ya sa mai cewa injin batir zai kori ofareta daga sana'ar tsaga katako bai riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai dai ƙanƙantar batir ɗin ita ce sauƙinsa wajen caji. Wat 180 ba komai ba ne a wurin allon sola mai wat 300 a ranar Haɗeja. Caja mai kyau, irin ta Makita, tana cika batir mai Ah 5 cikin minti 45. Ana bukatar inbata a tsakani, ko a kai shagon mai cajin waya a ƙauye, tunda wutar KEDCO ba abin da za a jingina aikin gona da shi ba ne, a inda ma waya ta kai. Mai batir huɗu yana iya yin aiki da biyu, biyu suna kan caji, ya yini bai tsaya ba. Matsalar ita ce a irin na ƙwarai, kuɗin batir da caja sukan kai na injin kansa ko su fi, kuma galibi batir ɗin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Ka sayi inji, ka auri gidansu ke nan.

Zafi ne abin tsoro. Batirin litiyam ba ya son a yi masa caji yana da zafi. Da ya wuce digiri 40 zuwa 45, caja mai hankali takan ƙi karɓarsa sai ya huce, marar hankali kuma ta karɓa ta rage masa kwana. A watan Afrilu iskar Haɗeja kanta tana haura 40 a inuwa. Batirin da aka bari a kan sirdin babur da rana tsaka, ko a shago mai rufin kwano, ya fi haka nesa ba kusa ba. Dabarar manomi ce za ta yi aiki a nan: yanka da sanyin safiya, caji a ƙarƙashin bishiya, ajiya a ɗakin ƙasa. Ruwa ma haka. Batirin da ya nutse a ambaliya kada a sake ɗora shi a caja, domin yana iya kamawa da wuta bayan an ɗauka ya bushe, kuma wutar litiyam ba ta mutuwa da sauƙi. A gidan da ke da danga da rumbu da tarin kara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wani abu da masu talla ba sa faɗa: injin batir ma yana shan mai. Ba fetur ba, man da ke jiƙa sarƙa. In tankinsa ya bushe, sarƙa ta yi zafi ta saki. Da yawa za su zuba baƙin man da aka juye daga mota, kamar yadda ofaretoci ke yi. Yana tafiya, amma yana cinye famfon man, kuma duk abin da sarƙa ta fesa a kan ƙasar lambu yake sauka, kusa da latas da tumatir.

Kasuwa kuma ta kasu. Akwai na manyan kamfanoni, Stihl, Husqvarna, Makita, masu tsada da wuyar samu. Akwai matsakaita irin Ingco da Total da suka cika shagunan kayan aiki a Najeriya. Sai kuma 'yan mitsi-mitsin nan marasa suna masu inci 4 ko 6, da ake riƙewa da hannu ɗaya, waɗanda ake tallarsu a Facebook da TikTok. A jikin batirin wasunsu za ka ga an rubuta lambobin da ko batirin mota bai kai ba. A auna da hannu: batir marar nauyi ba shi da komai a ciki, kome aka rubuta masa a goshi. Suna da amfaninsu wajen gyaran gwaiba da lemo da yanko ƙaya, amma wanda ya saye su don dirka 200 zai koma ga gatarinsa kafin la'asar.

Asalinsa na yankan ƙashi ne

Abin mamaki, zarto mai sarƙa ba a daji aka haife shi ba, a ɗakin tiyata ne. Likitoci biyu 'yan Sikotland, John Aitken da James Jeffray, su ne suka fara amfani da sarƙa mai haƙora wajen yanka ƙashi a ƙarshen ƙarni na 18, sannan wani Bajamushe, Bernhard Heine, ya ƙera mai mariƙin juyawa a 1830. A 1926 Andreas Stihl ya fito da nasa na yankan itace, kuma na farkon nasa ma da lantarki yake aiki, mai fetur ya biyo baya a 1929. Wato komawa ga wuta da ake yi yanzu, komawa gida ce.

Na kawo tarihin ne don a tuna cewa abin nan bai manta sana'arsa ta fari ba. Injin fetur yana da ruri da ke sa mutum ya shiga taitayinsa, kuma yaro ba zai iya tayar da shi ba. Na batir yana kwance shiru kamar abin wasa, ɗan shekara bakwai yana iya jan kunamarsa. Mafi munin haɗarinsa shi ne idan saman hancin ƙarfen ya taɓa wani abu: injin yakan yi tsalle ya dawo wa fuska ko kafaɗa kafin ƙiftawar ido. Ƙananan na hannu ɗaya kuma suna jawo wata ɗabi'a, dama tana yanka, hagu tana riƙe da reshe a kusa da sarƙa. Ga babbar riga da rawani da bakin zani masu kaɗawa, ga silifas, ga hawa bishiya ba igiya. Daga wasu ƙauyukan Guri zuwa babban asibitin Haɗeja da damina, ko a farkon janyewar ruwa, tafiya ce ta kwalekwale da babur. Jijiyar cinya ba ta jiran wannan. Ƙa'ida ɗaya da ba ta cin ko kwabo: da an gama yanka a zare batir, a sa shi a aljihu, a ajiye injin daban.

Shirun da ke da baki biyu

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Dajin fadamar nan ba shi da yawa, kuma ya sha wuya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya: wasu wuraren da ambaliya ke shayarwa suka bushe, bishiyoyinsu suka mutu a tsaye, wasu kuma ruwa ya zauna musu shekara cur, kacala ta mamaye su, ta toshe hanyoyin ruwa irin na Marma mai zuwa Nguru. Abin da ya rage na bagaruwa da giyayya da kanya da goruba shi ke ɗauke da girkin gidaje, da bandar kifin da ake lodi daga kasuwar Haɗeja, da gidajen burodi, da motocin itace masu nufar birane. Lokacin da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna darajar wannan fadama a farkon shekarun 1990, abu uku suka ƙirga: noma, kamun kifi, da itacen wuta. Itace a nan dukiya ce da ake lissafi da ita, ba ciyawar banza ba.

Dajin Baturiya da ke Kirikasamma, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu, ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma yana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Me ke tsare irin wannan daji? Ba yawan ma'aikata ba. Kunne ne. Bugun gatari yana tafiya nesa, rurin injin fetur ya fi shi, kuma malamin daji ko bulama ko mai kiwo da ya ji ya san akwai mai ɓarna a ciki. Injin batir ya zo ya toshe wannan kunne. Yana shiga buhu, yana hawa keke, ba warin mai, ba hayaƙi. Mutum biyu da batir shida suna iya cika amalanke da matasan bagaruwa tsakanin asuba da hantsi, ba wanda ya ji. Kuma matasan bishiyoyi, masu kaurin dirka, su ne daidai bakinsa. Su ne kuma dajin gobe.

Hukumomi sun fara motsi, amma da tsohon inji a ransu. A 2023 hukumar kare muhalli ta Jigawa, JISEPA, ta sanar da hana sare bishiyoyi don itace da gawayi ba tare da izini ba. A 2025 gwamnatin Kano ta hana aiki da injin yankan itace sai da lasisi. Duka biyun da hujjarsu. Amma dokar da ba ta bambanta mai kayar da tsamiya da mai rage wa darbejiyarsa kai ba, ƙarshenta ta zama hanyar tatsar manomi a bakin hanya, mai gawayi kuma ya biya ya wuce. A ganina abin da ya kamata a yi wa rajista shi ne bishiyar da za a kayar, kowane irin ƙarfe za a sa mata. Gyaran rassa a gonar mutum kuwa a bar shi, a ma koya masa yadda ake yi.

Darasin Maraɗi

Domin akwai yadda ake yi, kuma Hausawa ne suka nuna wa duniya. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara abin da aka sa wa suna sassaben zamani. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga tsohon kututture a ƙone, sai a zaɓi 'yan ƙwarara a bari, a rage sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara har su zama bishiya. Da wannan dabara, ba da dashe ba, aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, bishiya wajen miliyan 200. Manomin da ya bi ta yana samun itacen girki da dirka da abincin dabbobi daga gonarsa, ba ya taɓa gindi.

Aikin nan duk na yankan reshe ne, kuma ingancin yankan yana da tasiri. Gatari yana farfasa wurin, ya ɓare ɓawo, ya bar rauni mai riƙe ruwa da ƙwari. Zarto yana barin fuska sumul da ke warkewa da wuri. Gawo, da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, makiyaya sun saba yi masa sara da barandami har ya koma kamar kuturu. Da za a riƙa rage masa kashi kaɗan da yanka mai tsabta, da ya ciyar da shanu ya kuma rayu. Darbejiya da turare suna sake tohowa in an yanke su a sama, ko wace shekara biyu ko uku su ba da sabbin dirkoki. Layi ɗaya a gefen gona ya isa ya raba mutum da shiga daji. A wannan aikin, gajiyar batir da muka gani a kan gungumen bagaruwa ba aibi ba ce. Injin da ke jin daɗin reshe yana ƙin gindi, shi ne daidai hannun mai gona.

Kuɗin irin wannan koyarwa ma ba a rasa inda za a nemo ba. Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wanda hukumarsa ta ƙasa ta kafu a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021. Masu koyarwa ma ba a rasa ba: a Haɗeja akwai kwalejin Binyaminu Usman, wadda asalinta ta aikin gona ce, a Kafin Hausa akwai Jami'ar Sule Lamido. Ana raba dashe duk damina, da yawa su mutu kafin bazara saboda ba kariya daga awaki. Kariyar nan kuwa ƙaya ce da 'yan sanduna, abin da ƙaramin zarto ke tarawa cikin awa ɗaya.

Mafi dacewa ma shi ne shingen da ba ya bukatar sabuntawa. Kakanninmu sun san aguwa da dashi da bini-da-zugu, waɗanda ake yanko reshensu a soka a ƙasa su kama. A kan jigawa suna yi sosai. A cikin kwari inda ruwa ke kwanciya wata biyu ba sa jurewa, nan sai bagaruwa, wadda ke tsayawa cikin ruwa har wuya ba ta damu ba, ta ba da ƙaya, ta ba majema 'ya'yanta. Shinge mai rai sai da aski, in ba haka ba ya shanye gona da inuwa, kuma ƙyamar askin ƙaya da adda ce ke sa mutane da yawa gudunsa.

Inda dirka za ta tsaya

Akwai wani gefen da ba na injin ba ne, amma injin zai taɓa shi. Noman rani yana faɗaɗa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo bayan gyara, a Nuwamban shekarar kuma a ƙasar Haɗeja aka ƙaddamar da noman alkama na ƙasa baki ɗaya. Duk hektar da aka ƙara, wata ƙafar saniya ce aka tare. Guri da Kirikasamma sun ga rigingimun manoma da makiyaya da suka ci rayuka, kuma in ka bi diddigi, sau da yawa daga mashaya ko burtalin da aka wayi gari an toshe suke farawa. Da, wahalar shinge tana ba da lokaci: kafin mutum ya gama saran dirkoki, labari ya kai ga bulama da arɗo, an zo an tsaya an nuna iyaka. Idan aikin mako ya koma na yini ɗaya, sai a tashi a ga waya ta tsallaka labi. Shinge mai kyau yana hana ɓarna, yana kashe rigima tun ba ta tashi ba, amma sai an kafa shi a inda kowa ya yarda.

Wa zai saya? Ba kowane manomi ba, kuma bai kamata ba. Abin da za a yi aiki da shi mako biyu a shekara, batirinsa kuma yana tsufa ko ana aiki ko ba a yi, bai cancanci kuɗin taki ba. Ya fi kama da injin casar shinkafa ko na feshi: mutum ɗaya ya mallaka, ya ƙware, a riƙa kiransa. Matashin da ke da shagon cajin waya da allon sola a kan rufi ya riga ya mallaki rabin jarin. Ƙungiyar masu ban-ruwa ma tana iya ajiye ɗaya da batir huɗu. Abin da zai yanke hukunci shi ne kayan gyara. Sarƙa tana ƙarewa, ƙarfen yana cinyewa, kuma in sai an je Kano kafin a samo sarƙa daidai girmansa, to injin zai kwana a saman rumfa tare da sauran kayan da aka saya da ɗoki.

Na ɗan kawun nawa yana nan yana aiki. Da na koma bayan sallah na tarar ya kewaye gefen kogi da dirkokin darbejiya, kuma wasu daga cikin waɗanda ya kafa ɗanyu a wuri mai laima har sun yi ƙoƙarin fitar da ganye. Layin da muka yi wa aski ya sake cika da toho. Batir ɗaya ya fara saurin mutuwa, ya ce tun ranar da yaro ya manta shi a kan bututun ruwa da rana. Gungumen bagaruwar yana inda muka bar shi, da tsagar zarto rabi da saran gatari rabi, dattijon nan ya mayar da shi wurin zama.